Shin da gaske bakteriyar hanji na da hannu a cutar baifola?

Hajara M.:

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitocin ƙwaƙwalwa da masu haɗa magunguna da ke nan. Kwanan nan magana ta yi yawa a WhatsApp a kan cutar baifola, wato lalurar nan da ke ɗaga mutum sama ya yi kwanaki ba barci, ga surutu, ga kashe kuɗi ba lissafi, sannan ta juyo ta jefa shi cikin matsananciyar damuwa. Wai asalinta daga hanji ne. Masu tallan ƙwayoyin furobayotik, wato bakteriya masu rai da ake sha don gyara hanji, har cewa suke yi idan aka gyara bakteriyar ciki ba sauran buƙatar litiyam, maganin da likitoci ke bai wa masu baifola. Na san wannan ta ƙarshen zuƙi-ta-malle ce, amma ba na son in watsar da maganar gaba ɗaya, tunda jami'o'i na kirki suna bincike a kanta.

Ta wace hanya abin da ke cikin hanji zai isa ƙwaƙwalwa, alhali akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa? Me aka gani a jikin mutane, ba ɓeraye ba? Sannan idan dangin majinyaci suka zo da wannan magana, me ya dace a faɗa musu?

Sani_Lab:

Wa alaikumus salam, Malama Hajara. Bari in fara da kuskuren da ya fi yawo. Za ki ji ana cewa kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin serotonin a hanji ake yin sa, saboda haka hanji ne ke riƙe da farin cikin mutum. Rabin farko na maganar gaskiya ne, rabi na biyu ba haka yake ba. Serotonin ɗin hanji aikinsa motsa hanji, kuma ba ya ƙetare wannan shingen da kika ambata. Ƙwaƙwalwa da kanta take haɗa nata, daga wani sinadari mai suna tiriftofan da ake samu a nama, madara, wake da gyaɗa.

To a kan tiriftofan ɗin ne alaƙar take. Kaɗan ne daga cikinsa ke zama serotonin. Fiye da kashi 90 cikin 100 wata hanya yake bi ya zama kainurenin. Idan akwai kumburi a jiki, garkuwar jiki tana kunna wani sinadari da ake kira IDO, shi kuma sai ya ƙara karkatar da tiriftofan zuwa wannan hanyar. Kainurenin yana shiga ƙwaƙwalwa, a can ya rabu biyu: ko ya zama asid ɗin kainurenik mai toshe wasu ƙofofin saƙo da ake kira NMDA, ko ya zama asid ɗin kwinolinik mai zaburar da su, wanda idan ya yi yawa yake cutar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. An sha auna sinadaran kumburi irin su CRP da IL-6 a jinin masu baifola aka same su sama da na sauran mutane, musamman lokacin tashin ciwon.

Ina ruwan bakteriya a nan? Abin da ya raba kashin da ke cikin babban hanji da jini shimfiɗar ƙwayoyin halitta ce guda ɗaya tak, da majina a kanta. Babban abincin waɗannan ƙwayoyin shi ne butiret, kuma ba jikinmu ke yin sa ba. Bakteriya irin su Faecalibacterium da Coprococcus ne ke yin sa idan suka ruɓar da faiba, wato ɓangaren abincin da ba ya narkewa, irin dusar hatsi da ɓawon wake. Idan butiret ya yi ƙaranci, haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin shimfiɗar yana sassautawa, sai ɓurɓushin bangon wasu bakteriya da ake kira LPS ya riƙa tsiyaya cikin jini, garkuwar jiki ta tashi tsaye, kumburi ya biyo baya. A 2014 masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin sun nuna cewa ɓerayen da aka raina ba ko ƙwayar bakteriya ɗaya a jikinsu, shingen ƙwaƙwalwarsu yana yoyo, kuma da aka ba su butiret ya ƙara ƙarfi. Wani abin lura: maganin balfurowet da ake bai wa masu baifola, wanda ake sayarwa da sunan Epilim, shi kansa ɗan gajeren asid ne mai kama da butiret a gini, kuma su biyun suna danne sinadari ɗaya mai suna HDAC. Wannan ba hujja ba ce, amma shi ya sa masana ba su ɗauki maganar da wasa ba.

Akwai kuma jijiyar begas da ta sauko daga tushen ƙwaƙwalwa zuwa ciki. Kusan kashi 80 cikin 100 na zarurukanta saƙo suke kaiwa sama, ba saukowa da shi ba. A 2011 a birnin Cork na ƙasar Ayalan an ba ɓeraye bakteriyar Lactobacillus rhamnosus samfurin JB-1, alamun tsoro da damuwa suka ragu, da aka yanke jijiyar begas kuwa amfanin ya ɓace. Sai dai ki riƙe ƙarshen labarin: a 2017 masu binciken wannan wurin sun gwada JB-1 ɗin a kan maza 29 masu lafiya, ba su ga ya fi ƙwayar bogi da komai ba.

Dakta A. Gwale:

Malam Sani ya shimfiɗa hanyoyin, ni zan tsaya a kan mutane.

A 2017 Jami'ar Mishigan ta Amurka ta gwada bahayar mutum 115 masu baifola da ta mutum 64 marasa ita. Babban bambancin da aka samu shi ne ƙarancin Faecalibacterium a masu ciwon, kuma a cikin majinyatan su kansu, waɗanda ke da ita da yawa sun fi samun barci mai kyau da sauƙin damuwa. A 2022 Jami'ar Zhejiang da ke Hangzhou a ƙasar Sin ta ƙara zurfafawa: majinyata 109 da ke cikin zangon damuwa kuma ba sa shan magani a lokacin, da masu lafiya 40. Aka haɗa gwajin bahaya, gwajin jini, da hoton ƙwaƙwalwa na fMRI mai nuna yadda sassanta ke aiki tare. An ga wasu bakteriya suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da sinadaran jini irin su bitamin B, GABA da asid ɗin kainurenik, su kuma waɗannan suna da alaƙa da yadda sassan da ke kula da tunawa da motsin rai ke haɗuwa. Aiki ne mai kyau, amma hoto ne na lokaci ɗaya. Bai nuna wanda ya riga wani ba.

Matsalar ke nan. Mutumin da ciwon ya tasar wa ba ya barci, ba ya cin abinci a kan lokaci, sau da yawa yana zuƙar taba fiye da kima. Wanda ke cikin damuwa kuma yana kwance, hanjinsa ya yi nauyi, bahaya ta yi tauri. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sauya bakteriyar hanji shi kaɗai. Binciken da aka yi a Beljiyam a kan mutum sama da dubu ya nuna cewa taushi ko taurin bahaya na daga cikin manyan abubuwan da ke bambanta bakteriyar wani da ta wani. A Kwafanhagan ta ƙasar Denmak an samu wata bakteriya, Flavonifractor, ta fi yawa a sababbin majinyatan baifola, amma da aka duba sai aka ga shan taba ma yana da hannu a yawanta.

Ga kuma magungunanmu. A 2018 wani ɗakin bincike a Haidelbag ta Jamus ya gwada magunguna sama da 1,000 a kan nau'in bakteriyar hanji 40. Kashi 24 cikin 100 na magungunan da ba antibayotik ba sun hana aƙalla nau'i ɗaya girma, kuma magungunan taɓin hankali suna sahun gaba. Don haka idan an ga bambanci a hanjin majinyacin da ya shekara biyar a kan olanzafin, ɗaya daga cikin waɗannan magungunan, wa za a ɗora wa, ciwon ko maganin? Sannan a 2021 masu bincike a Landan sun tattara bincike 59, suka ga raguwar Faecalibacterium da Coprococcus da ƙaruwar Eggerthella ba na baifola kaɗai ba ne, ana ganin hakan a ciwon damuwa da taɓin hankalin da ake kira sikizofireniya ma. Ke nan ba tambarin wannan cutar ba ne, kuma ba a gano baifola ta gwajin bahaya. Kada a manta gado shi ne babban ginshiƙinta: binciken tagwaye ya ba shi tsakanin kashi 60 zuwa 85 cikin 100.

Gwajin da masu talla ke jingina da shi an yi shi ne a asibitin Sheppard Pratt da ke birnin Baltimo na Amurka, aka wallafa a 2018. Mutum 66 da aka kwantar saboda tashin ciwon, bayan sallama aka raba su biyu: 33 suka sha haɗin Lactobacillus rhamnosus GG da Bifidobacterium lactis Bb12, 33 suka sha ƙwayar bogi, tsawon mako 24. An sake kwantar da masu furobayotik sau 8, masu ƙwayar bogi sau 24. Bambanci ne babba, ba zan rage shi ba. Amma abin da ɗan talla ba zai faɗa ba: dukansu suna kan magungunansu na asibiti, furobayotik ɗin ƙari ne kawai. Mutanen kaɗan ne, asibiti ɗaya ne, kuma makin alamun ciwon da ake aunawa bai bambanta tsakanin rukunin biyu ba.

Hajara M.:

Na gode, Likita. An kuma turo min wani saƙo cewa busasshen nama yana tayar da ciwon, har wasu sun fara tsoron kilishi. Sannan nono da kindirmo fa, ba furobayotik ba ne su ma?

Dakta A. Gwale:

Maganar naman daga Jami'ar Johns Hopkins ta fito a 2018. A cikin mutum 1,101, waɗanda aka kwantar saboda tashin ciwon sun fi ba da labarin cin busasshen naman kamfani da aka adana da gishirin naitiret, da ninki uku da rabi. Da aka ciyar da ɓeraye irin wannan naman sai suka kasa zama wuri ɗaya, bakteriyar hanjinsu kuma ta sauya. Abin zargin shi ne gishirin adanawar. Kilishin gargajiya rana ce ke busar da shi, a shafa masa labu na ƙuli-ƙuli da yaji, a gasa. Wanda ya kamata a karanta rubutun jikinsa shi ne sosej da naman gwangwani. Nono kuwa na bar wa masana abinci.

Mai_Haɗa_Magani:

Malama Hajara, ina ganin amsar tambayarki ta uku ba a kan furobayotik take ba. Inda hanji ke taɓa ƙwaƙwalwar mai baifola a yau, ba tare da jiran wani bincike ba, shi ne zawo ga mai shan litiyam.

Tazarar da ke tsakanin magani da guba a litiyam 'yar ƙarama ce. Ana son ya tsaya tsakanin 0.6 zuwa 1.0 mmol a kowace litar jini, yawanci 0.6 zuwa 0.8 ga wanda ya daidaita. Daga 1.5 zuwa sama an shiga haɗari. Ƙoda ce kaɗai ke fitar da shi, kuma tana ɗaukarsa tamkar sinadarin sodiyam na gishiri. Idan mutum ya yi zawo ko amai, ruwa da gishirin jikinsa suka ragu, ƙoda sai ta riƙa mayar da sodiyam cikin jini, ta mayar da litiyam tare da shi. Ƙwaya ɗaya ce da aka saba sha kullum, amma matakin jini ya haura.

Sai a ƙara da abin da aka saba yi a unguwa. Ciki ya ɓaci, a je kyamis a sayo Flagyl. Jiki na ciwo, a haɗa da daiklofenak ko ibufurofen. Dukansu suna rage fitar litiyam ta ƙoda. Zawo, Flagyl da daiklofenak a rana ɗaya, ga zafin bazara, sun isa su kai mutum asibiti ranga-ranga. Maganin ciwon jiki da ya dace da mai litiyam shi ne farasitamol. Magungunan hawan jini masu sa fitsari irin su haidirokulorotayazaid, da dangin lisinofiril, su ma suna ɗaga shi.

Abin da za a koya wa dangi: idan zawo ko amai ya yi ƙarfi, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a dakatar da ƙwayar litiyam ta wannan ranar, a nemi likitansa a ranar, ba gobe ba. Zawon kansa yana iya zama alamar guba ta farko. Idan aka ga hannu na karkarwa sosai, tafiya kamar ta mashayi, harshe ya yi nauyi, ko barci ya rinjaye shi, asibiti kai tsaye. Gwajin jini ana ɗibansa awa 12 bayan ƙwayar ƙarshe. Idan ya sha da ƙarfe 9 na dare, a ɗiba ƙarfe 9 na safe. Wanda aka ɗiba bayan awa biyu ko uku zai nuna adadi mai tsoratarwa na ƙarya. Bayan kowane sauyin awo a jira kwana 5 zuwa 7 a sake gwadawa, ƙoda da tayirod (ƙwayar da ke gaban wuya) kuma a gwada su duk wata shida.

Akasin haka ma yana faruwa. Kanwa cike take da sodiyam, kuma sinadaran da ke cikinta irin waɗanda ke hanzarta fitar litiyam ne. Goro da kofi ma suna ƙara fitarsa. Ba cewa ake yi haramun ne ba, amma kada a tashi rana ɗaya a ninka su ko a daina su kwatsam.

Dakatarwar kwana ɗaya saboda zawo daban, jefar da maganin saboda an sayi furobayotik daban. Wanda ya yanke litiyam farat ɗaya yana cikin haɗarin ciwon ya dawo da ƙarfi cikin 'yan watanni, har da haɗarin kashe kai. Idan za a daina, a hankali ake ragewa, aƙalla mako huɗu, an fi so wata uku.

Antibayotik kuma ba litiyam kaɗai suke taɓawa ba. Kilaritiromaisin da ke cikin haɗin maganin olsa yana ɗaga matakin Tegretol da kwetiyafin, waɗanda su ma magungunan baifola ne, a jini, kuma yana cikin waɗanda aka fi ba da rahoton sun tayar da ciwon baifola da kansu, shi da dangin antibayotik ɗin sifuro. Sifuro yana ɗaga matakin magungunan taɓin hankali olanzafin da kulozafin. Rifamfisin na maganin tarin fuka kuwa saukar da kwetiyafin yake yi ƙasa warwas. Wani bincike a Baltimo a 2016 ya samu kashi 7.7 cikin 100 na waɗanda aka kwantar saboda tashin ciwon suna kan antibayotik, a masu lafiya kuwa kashi 1.3. Ko cutar da ake magancewa ce, ko maganin, ko rushewar bakteriyar hanji, darasin ga mai sayar da magani ɗaya ne: ya tambayi me mutum yake sha kafin ya miƙa.

Uwar Auta:

Kindirmo na gaske yana ɗauke da bakteriya masu rai, amma ba samfurin da aka gwada a Baltimo ba ne, kuma ba wanda zai iya cewa adadinsu kaza a ƙwarya. A sha shi a matsayin abinci. Sharaɗin shi ne a tafasa madarar tukuna, saboda ɗanyar madarar shanu tana ɗauke da cutar bakkale da tarin fukan shanu. A bar ta ta huce zuwa ɗumin da yatsa zai jure, a zuba cokali ɗaya ko biyu na kindirmon jiya, a rufe ta kwana. Yogot ɗin kanti mai zaƙi a rage shi, domin olanzafin da kwetiyafin dama suna sa ƙiba da ciwon sukari. Daddawa ma da bakteriya ake yin ta, sai dai tafasar miya tana kashe yawancinsu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ciyar da masu yin butiret ɗin da Malam Sani ya ambata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da kusan giram 11. Sauran a cike da tuwon gero ko dawa da ba a surfe ƙwarai ba, miyar kuka ko kuɓewa, kwaɗon zogale, aya, gyaɗa, gwaba. Wanda ya saba da farar shinkafa, taliya da burodi kada ya juya rana ɗaya, kumburin ciki zai sa ya gudu. Ya ƙara kamar giram 5 duk mako, da ruwa isasshe. Garin faiba na kanti kuma kada a sha shi lokaci ɗaya da litiyam, yana iya rage shigarsa jini.

A 2010 an kwatanta yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero, dawa da wake, da yaran birnin Fulorens na Italiya. Na Burkina sun fi yawan bakteriya masu ruɓar da faiba, da yawan irin su butiret a bahayarsu. Abincinmu na gargajiya ke nan kusan. Amma baifola tana nan a ƙauyukan da ba a san komai ba sai tuwon dawa.

Sani_Lab:

Ƙari kaɗan. Gwajin bahaya na kasuwa da ake biya a aika waje, kason kowace bakteriya yake bayarwa, ba adadinta ba, kuma samfurin da ya kwana biyu a zafi kafin a daskarar da shi ya riga ya sauya. Dashen bahayar wani a hanjin majinyaci kuwa har yanzu a matakin gwaji yake ga wannan cutar. A 2019 hukumar FDA ta Amurka ta sanar da mutuwar wani mai raunin garkuwar jiki bayan an dasa masa bahaya mai ɗauke da bakteriyar E. coli da ba ta jin magani. Ba abin da za a gwada a gida ba ne.

Dakta A. Gwale:

Idan dangi suka nace sai sun gwada furobayotik, ba na hana su muddin maganin asibiti yana nan yadda yake. A duba kwalin a ga cikakken sunan samfurin, kamar GG ko Bb12, da ranar lalacewa, a kuma lura ko na firji ne, don wanda ya sha zafin shago wata uku ba lallai a samu mai rai a ciki ba. Ban da mai cutar ƙanjamau da ta yi nisa, mai shan maganin daji, da wanda aka sa wa bututu a babbar jijiya. Kada a sauya komai tare da shi, ko awon magani ko tsarin abinci, in ba haka ba ba za a san me ya yi aiki ba. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta awannin barci kowace safiya. Idan barcin ya ragu zuwa awa huɗu ko biyar dare biyu ko uku a jere, kuma mutumin bai ji gajiya ba, a kawo shi asibiti a makon, kada a jira ranar da aka ba shi.